Zara Gana, Wadda ta Sa Aka Gan Mu a Gugul

Ni na fara ganinta. Rubuta wannan a sama, Mushe Tanimu, kafin masu baki su zo su ce su suka gano ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na hangi wata siririyar mace, Babarbariya, ta sauke ordinata, wato kwamfuta, a ɗakin da ke kallon rumfata a Birni. Na ce wa dukawan layinmu matar nan za ta yi mana rana. Suka yi dariya. Mu goma sha huɗu ne a lokacin. Yau ni kaɗai nake ɗinkin fata a layin, ni Nomau Baduku, wanda yunwa biyu suka zo suka tafi suka bar shi tsaye. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Faɗa nake, maƙwabcina Mushe Tanimu, tsohon malamin lakwal, yana rubutawa.

Sunanta Zara Gana. Da hantsi take buɗe ƙofa, ta kakkaɓe tebur, ta duba ko akwai kuran, wato wutar lantarki, ta dafa shayi kofi ɗaya. Mijinta ya rasu, ɗiyarta Ilham tana aure a Yamai. Sai ta zauna ta bi shafukan intanet na ƙananan masu sana'a talatin da ɗaya, kamar mai zagaya gona: na maɗinka, na mata masu man gyaɗa a Tirmini, na wani mai irin gero a Gaffati, da nawa. Aikinta shi ne in mutum ya ɗauki salula a Agadas ko Kano ya rubuta abin da yake nema a Gugul, shafinka ya fito ya tare shi.

Kafin zuwanta wani ya yi mini shafi. Ni na tsara masa abin da zai sa, yadda ɗan Damagaram ke buɗe magana: sallama, gaisuwa ga manya, sunan ubana, na kakana, har baduku na bakwai, sannan kirarina. Shekara biyu ko mutum ɗaya bai kira ba.

Zara ta karanta har ƙarshe, ta ɗago kai.

"Baba Nomau, me kake sayarwa?"

"Ke ba ki da ido ne? Jaka, takalmi, alabe."

"To suna ina? Na ga kakanni bakwai, ban ga jaka ko ɗaya ba. Mai neman jaka a Agadas bai san kakanka ba, Baba. Jaka zai rubuta."

"Sai in faɗa wa mutane ba sallama, kamar wanda ba a haifa a gida ba?"

"Sallamarka ba zan taɓa ta ba. Kakanni dai su koma ɗakin ciki su huta, jaka ta tsaya bakin ƙofa."

Kwana uku ban gaishe ta ba. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta. A kan shafin ta rubuta jakar fata ɗinkin hannu, da Hausa da Faransanci, ta sa Zinder ta sa Damagaram, don kowa da sunan da yake nema da shi. Jaka da shafinta, takalmi da nasa. Kowane hoto ta raɗa masa sunan abin da ke ciki, ta rage masa nauyi, ta ce rezo na intanet a ƙauye ba shi da ƙarfi, wanda ya gaji da jiran shafi ya buɗe ba ya dawowa. Lambar salulata da unguwata ta ɗora su inda ido ke fara sauka.

Mako guda ta zauna a rumfata da littafi tana rubuta tambayoyin masu saye. Fatar akuya ce ko ta tunkiya? Tana jure ruwa? Da me ake goge ta? Kowace tambaya ta sa ta a shafi da amsarta, ta ce abin da mutum ke tambaya da baki shi yake rubutawa da yatsa. Ta hau kabu-kabu a tsakar rana ta je ƙungiyar masu sana'ar hannu, ta roƙe su su ambaci shafina a nasu, domin Gugul ya fi yarda da wanda wasu suka nuna. Wata na huɗu salulata ta yi ƙara. Wata mata ce daga Maraɗi, jaka take so.

Kada a ce ni kaɗai ne shaida. A tambayi Kande ta Tirmini. Su sunan ƙungiyarsu kaɗai suka kafa a sama, ba gyaɗa ba mai. Zara ta gyara, yanzu daga Difa ake kiransu.

Ke ce, Zara, mai share hanya ki koma gefe. Masu saye mu suke kira, mu suke yi wa godiya. Sunanki ba ya cikin shafi ko ɗaya. Na sha hango ki daga rumfa kina cin abincin rana ke kaɗai, fuskarki ga ordinata, kina murmushi don shafin wani ya hau sama, ba wanda za ki faɗa wa.

Yanzu idanunta sun gaji. Likita ya hana ta kallon gilashin nan, bayan girbi za ta koma Yamai wurin ɗiyarta. Ta faɗa mana gaskiya: shafin da ba a sa masa sabon hoto, ba a amsa sabuwar tambaya, a hankali yake nutsewa har a daina ganinsa. Talatin da ɗaya, ba mai karɓa. Ta liƙa takarda a ƙofa cewa kowace Laraba za ta koyar kyauta. Ta aro benci, ta dafa shayi a babbar buta. Laraba uku ina kallo. Ba wanda ya zo. Da la'asar sai ta mayar da bencin da kanta.

Laraba ta huɗu na ajiye basilla na tsallaka.

"Baba, ai ba ka karanta boko."

"Hoto ma sai da boko? Zuba shayi, ɗiyata, ki nuna mini inda ake dannawa."

Ta juya baya tana neman kofi na biyu, ta daɗe tana nema.

Na gode, Zara Gana. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu shafi, da ku masu takardun lakwal da ke zaune a gindin bishiya, Laraba bakwai suka rage. Ku zo ku karɓi aikin nan tun mai shi tana kusa.

Ni dai na iya ɗaukar hoton jaka a inuwa, ta fito da launinta, na kuma ɗora shi a shafi da yatsana, ina da shekara saba'in da takwas. Wanda ke ganin cika baki nake, ya zo Birni ranar Laraba da hantsi. Benci mai cin mutum shida ne, zai same ni a kai. In ya isa, ya zauna kusa da ni mu ga wanda zai riga wani iyawa.