Ranar da Kakata ta Mayar da Ƙwaryar Nono

Har yau, in aka zuba man shanu a kan tuwo mai zafi ƙanshin ya taso, sai in riƙe lomata in yi shiru. Jikokina sun saba, sun daina tambayata. Ƙanshin nan yana mai da ni shekarar da muka rasa shi, wato shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, tun Turawa ba su hau ƙasar nan ba. Tsofaffin da suka rage tsakanin Malumfashi da Dayi da ita suke tuna haihuwa da aure. Ni a lokacin ina cikin famfara, ina karatun allo a zauren limamin ƙauyenmu, inda na koyi ajamin da nake rubutu da shi har gobe.

Wanda bai ga wannan shekara ba, da wuya ya yarda. Saniya za ta kwana lafiya, da safe a ga idonta na ruwa, bakinta na dalala, ba a jima ba sai ta faɗi. Ungulaye suka ƙoshi har suka kasa tashi. Wari ya hana mata bin hanyar rafi. In ka gamu da mai shanu, ban da sannu babu abin da bakinka zai iya furtawa.

A bayan gonakinmu akwai rugar wata tsohuwar Bafillata, ƙawar kakata. Inna nake ce mata, kuma ba a banza ba. Mahaifiyata ta rasu ina jariri, aka rasa mai shayar da ni a gidan. Wannan baiwar Allah ce take tahowa kowace safiya da madarar da ta tatsa, da ɗuminta, tana ɗiga mini da ɗan ƙaramin ludayi har na rayu. Ba ta taɓa karɓar ko zangarniyar gero a kan wannan ba. Bayan haka kuma, duk Sallah, ƙarama da babba, sai ta aiko wa kakata da nono da curin man shanu a cikin wata ƙwarya mai zane, an rufe da faifai.

To, a wurinmu abincin Sallah ba ya tafiya shi kaɗai. Wanda ya aiko maka, kai ma ka aika masa. Matan gidanmu suna aika nasu, amma kakata ba ta taɓa aika nata na kanta ba, domin Sallar ba tata ba ce.

Sai in gaya maka dalili. Tana da ƙuruciya mahara suka kama ta a gona, ta bar ɗanta, wato mahaifina, yana tatata. Aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har Lakwaja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. A can masu bin Almasihu suka fanshe ta, ta zauna da su, ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma. Bayan shekaru ta biyo ayarin fatake ta dawo neman ɗanta, ta tarar ya zama magidanci, yana salla kamar kowa a garin. Ta zauna a ɗakinta da addininta, ita kaɗai. Ba ta ɓoye ba in an tambaye ta, ba ta kuma yi shela ba. Da asuba takan durƙusa ta yi addu'a, in tana niƙa takan yi wata waƙa da harshen mutanen kogi, wadda ita kanta rabin kalmomin sun zube mata.

Inna takan tsokane ta a kan wannan.

"Ƙawa, ke wace irin baiwar Allah ce da ba ta da Sallah? Kullum ci, babu ramawa. Ku Haɓe dai akwai ciki."

Kakata ta ce, "Ina da Sallata. Ranar ce ta ɓace mini a hanya."

Gaskiya ta faɗa. Ta san ana bikin haihuwar Almasihu bayan an gama girbi, sa'ad da sanyi ya sauka, kogi ya janye yashi ya fito. Amma wace rana ce, babu wanda zai gaya mata a duk ƙasar.

Da annoba ta zo, garken Inna ya ƙare ƙaf. 'Ya'yanta maza suka bazama, wai za su nemo inda shanu suka rage, ba a sake jin labarinsu ba a wannan shekara. Ta rage ita kaɗai a bukka, ga turaku babu ko maraƙi. Mu kuwa manoma, Allah ya ba mu damina mai kyau, dawa ta yi. Mahaifina ya aika mata da dami, ta mayar. Liman ya aika da hatsin zakka, ta ce a kai wa mabukata. Kakata ta dafa tuwo ta kai da kanta, Inna ta yi godiya, ta ce yanzun nan ta ci. Ka san Fulani da kunya. Wadda ta saba bayarwa, mutuwa ta fi mata sauƙi a kan a ce an ga ta miƙa hannu.

Kullum kuma ana ganin hayaƙi na tashi daga bukkarta, sai mutane suka ce ai tana da abin da take dafawa. Ni na gano gaskiya, ba don wayo ba, don kwaɗayi. Wata rana da hantsi na je gaishe ta, ta fita ɗebo kara, na buɗe tukunyar da ke kan murhu in ga ko akwai rabona. Ruwa ne zalla yake tafasa, da 'yan ganyen tafasa suna yawo a kai. Na mayar da murfi. Da ta dawo na lura da hannunta, munduwar da a dā take kama ta yanzu tana zamewa har gwiwar hannu.

Na gaya wa kakata. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwaryar nan mai zane, wadda ta zo da nonon Babbar Sallar da ta wuce, aka yi ta cewa za a mayar, har annoba ta sa aka ji nauyin mayar da ita wayam. Ta daɗe tana kallonta. Daga nan ta ce da ni, da sunan wasan da take kirana:

"Maigidana, tashi ka kamo mini jan zakaran nan. Jibi Sallata."

Mahaifina ya ji, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna. Mutum ne mai gudun magana. Ya ce, "Iya, shekara da shekaru muna zaune lafiya, ba wanda ya taɓa tanka miki. Yanzu kuma ki tayar da bikin da ba a san shi ba? Me za a ce da mu a gari?"

Ta ce, "Za a ce uwarka ta dafa tuwo. Dawar gayaunata ce, ban taɓa rumbunka ba."

"Kin ma san ranar?"

"An shigar da dawa, sanyi ya sauka. Lokacin ke nan. Ranar kuwa, Mai ita ya san ta, ba zai ƙi tawa don na yi kuskuren kwana ba."

Ta ƙara da cewa, a hankali, "Wadda ta raya maka ɗa tana shan ruwan zafi a bayan gonarka. Ta ƙi sadaka. Amma abincin Sallah ba sadaka ba ne, ba a mayar da shi. In kana da wata dabara, faɗa mini." Ya tashi ya tafi, da yamma sai ga shi ya turo mata itace.

Abin da ta yi da safiyar ranar shi ne abin da har yau nake jinjina mata. Ta yafa zanenta, ta sa ni gaba da zakara a hammata, muka ratsa tsakiyar gari kowa na gani, har zauren liman. Ta durƙusa daga waje.

"Allah gafarta Malam, yanka na kawo."

"Suna aka yi a gidan, ban ji ba?"

"Haihuwa dai aka yi, amma da daɗewa. Yau nake Sallar haihuwar Isa Almasihu. Ina so hannunka ya yanka, don kada wani ya ce ba zai ci ba."

Almajiran da ke zauren suka dubi juna. Wani dattijo ya fara gyaran murya zai yi magana, liman ya ɗaga masa hannu. Ya dubi kakata, ya dube ni, ina jin ya gane inda tuwon zai nufa, domin shi ma an mayar masa da hatsinsa. Ya ce, "Annabi Isa ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ba mu san shi yadda kika san shi ba. Ciyar da maƙwabci kuwa ban taɓa karanta inda aka hana ba. Kawo wuƙa, yaro." Da ya gama ya ce, "A tuna da mai yanka in an sauke."

Ranar na ga kakata kamar yarinya. Ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, ta kaɗa miyar kuɓewa da daddawa, tana waƙar nan tata da ƙarfi, ba a ciki-ciki ba kamar kullum. Matan gida suka zo kallo, kallo ya zama taya aiki. Aka kai wa liman, aka kai maƙwabta. Sai ta sauko da ƙwarya mai zane, ta wanke, ta cika ta da malmala, ta zuba miya da cinyoyin zakaran a kasko. Ta ɗora mini ƙwaryar a ka. Ita kuma ta kwance akuyarta, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta ja ta, ɗan akuyar na biye yana kuka.

Mun tarar da Inna a bakin bukka tana jin rana. Ta ga ƙwaryarta, ta gane ta, ta kau da kai.

"Ƙawa, na gaya miki na ƙoshi."

"Ban tambaye ki ba. Barka da Sallah za ki ce mini."

"Wace Sallah kuma ana tsakiyar wata?"

"Tawa. Wadda kika ce ba ni da ita. Shekara nawa ina cin taki kina yi mini gori? Yau na rama. In kin mayar, to, kin ce abincina ƙazanta ne, sai ki faɗa mini a gaban yaron nan."

Kakata ta zauna kusa da Inna, ta buɗe faifai, tururi ya tashi. Ta ce, "Kuma bari ki ji, wannan Sallar taku ce kafin ta zama tamu. Da aka haife shi, ba a sami ɗaki ba, a komin dabbobi aka kwantar da shi. Ba sarki aka fara gaya wa ba, ba attajiri ba. Makiyaya ne a daji, irinku, masu warin garke. Su aka fara yi wa albishir. Yaya zan yi Sallarsa in tsallake makiyayiya?"

Inna ta ce, "Makiyayiyar da ba ta da ko kofato."

"Shi ma ranar ba shi da ko tabarma. Ga shi har yau ana kiran sunansa."

Sai kakata ta ce in juya baya in kula da akuya, ita ma ta juya tana gyaran ɗaurin zane, don mun san ba za ta ci muna kallo ba. Muka daɗe a haka. Ba abin da nake ji sai kukan ɗan akuya, sai kuma can na ji ƙarar kasko ana suɗe shi. Na saci kallon kakata, na ga hawaye na bin kumatunta, bakinta na motsi. Godiya take yi.

Da Inna ta wanke hannu, sai ta nuna akuyar da haɓa. "Wannan abar fa?"

Kakata ta dafa kaina. "Wannan ba ta Sallah ba ce. Nonon da wannan ya sha ne ya dawo."

"Ni? In tatsi akuya? Da wane idon zan dubi dangina?"

"Da wanda kika dubi tuwon Haɓe yanzu."

Inna ta yi dariya, dariyar farko tun faɗuwar shanu, har ta ƙware. Ta kira akuyar da irin kiran da take yi wa shanunta, ta kama hantsar ta duba kamar mai saye, ta ce ba laifi. Kafin mu tafi ta ɗaure ta a turken babbar saniyarta.

Da madarar akuyar nan ta kai damina. Awaki suka yaɗu, daga baya aka musanya su da karsana. Kowace shekara kuma, in an shigar da dawa, ita ce take fara aiko tambaya, wai yaushe ne Sallar ƙawa.

Yanzu duniya ta sake. Jirgin ƙasa na kuka a Funtuwa, muna da majami'a da ƙararrawa, yara sun san ranar Kirsimeti tun da sauran watanni, suna ta zancen sabon ɗinki da shinkafa. Ni ma da girmana na karanta labarin haihuwar nan a rubuce da ajami, na tarar da makiyayan suna nan yadda ta faɗa, na kuwa bi hanyar kakata. Na lissafa, na ga da wuya in ta taɓa dacewa da ranar. Amma ban ga wanda ya kiyaye ta kamar ita ba. Shi ya sa har yau a gidana maƙwabcina Musulmi ke yi mana yanka, kuma ba a ɗanɗana tuwon Kirsimeti sai an fitar da rabon mutanen ruga.

Da ciwon ajali ya kwantar da kakata, Inna ta zo da sanda, ta zauna a gefen gadon kara. Kamar yadda ake yi, kakata ta nemi gafara, ta ce in da sauran abin da ake bin ta a faɗa tun tana ji. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ƙwaryata ta dawo a cike, ƙawa. Ba na bin ki komai. Tafi wurin Mai Sallarki."