Kafaɗar Kawu Mai Fanka

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana gyaran fanka da jan wayar lantarki a gidajen mutane, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai Mai Fanka. Shagonsa ɗan tsukuku ne, fikafikan fanka jingine da bango, gwangwanayen kusoshi jere a kan kanta. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa minti biyar sai ya ji: wuta ba ta taɓa jan sa ba. "Ni da ita mun san juna," haka yake cewa.

Ranar da abin ya faru, fankar sama yake ɗaurawa a falon wata malamar makaranta. Kullum sai ya cire fis da hannunsa ya jefa a aljihu kafin ya taka tsani. Amma ranar tun safe aka ɗauke wuta, sai ya ga babu buƙata. Yana riƙe da waya tsirara aka maido da wutar. Jikinsa ya sandare, hannun dama ya murɗe, ya zame daga tsanin ya faɗa kan kujera. Malamar tana kicin, ba ta ga komai ba.

Da ya koma gida ya ce wa Inna, matarsa, tsani ne ya goce.

A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗauki hoton kafaɗar ta gaba, aka ce babu karaya, buguwa ce. Kumburi ya saɓe, amma hannun ya ƙi komawa daidai. Gwiwar hannun ta manne da haƙarƙari, tafin yana kwance a kan ciki, ba ya juyuwa waje ko kaɗan. Mai ɗori ya ja har Kawu ya yi hawaye. Inna ta yi ta gashi da ruwan zafi safe da yamma. Wata tara ke nan. Masu kiran sa aiki suka gaji da jira suka nemi wani. Kawu ya ci gaba da buɗe shago, ya zauna yana kokawa da sukurdireba da hannun hagu, kusa tana suɓucewa tana gangarawa ƙarƙashin kanta.

Goggo, yayarsa, ita ce ta tasa shi gaba zuwa babban asibiti. "Ka ce a'a, in ɗauke ka a baya kamar yadda na goya ka kana majina."

Likitar ƙashi ta lanƙwasa masa gwiwar hannu, ta gwada tura hannun waje, ya tsaya cak kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Ta sa aka sake hoto, wannan karon ta ƙarƙashin hammata.

"Baba, kafaɗarka a goce take tun ranar. Kan ƙashin ya fita ta baya, shi ya sa hoton gaba bai nuna ba. Kana da farfaɗiya?"

"Ba ni da ita."

"Galibi abu biyu ke fitar da kafaɗa ta baya: farfaɗiya ko jan wuta."

"Wuta?" Inna ta yi dariya. "Ai likita, wannan wuta ba ta taɓa jan sa ba. Kowa ya sani."

"To sai mun fara binciken farfaɗiyar, don wani tana kama shi bai sani ba. Ba zan yi aiki ba, sannan ta tashi ta ɓalle shi. Kuma duk watan da ya ƙaru, ƙashin yana ƙara lalacewa."

Kawu ya dubi hannun da ke kwance a cikinsa, siriri kamar ba nasa ba. Ya dubi takardar da likita ta fara rubutawa.

"Wuta ce," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Me ka ce, Malam?" in ji Inna.

"Na ce wuta ce. Ban cire fis ba."

Inna ta juyar da kai ta goge ido da bakin mayafi. Goggo kuwa ta tafa hannu. "Yau ga ɗan banza! Wata tara matarka tana ƙona yatsu a ruwan zafi, kai kana gadin suna?"

Likita ta yi musu bayani. Don an daɗe, ja ba zai maida ƙashin ba. Bakin gurbin ya yi wa kan ƙashin rami, nan ya maƙale. Sai an buɗe kafaɗar, a saki naman da ya ƙanƙame, a maida shi mazauninsa, a cike ramin da ɗan guntun ƙashi daga ƙugunsa, a ɗaure da kusoshi.

"Kusoshi?" Kawu ya ɗago. "Inci nawa?"

Har likitar sai da ta dara.

Bayan aikin, sati shida ya yi da wani maɗauri da ke riƙe hannun a miƙe gaba, kamar mai shirin gaisawa. Maƙwabta suka samu abin yi: duk wanda ya wuce sai ya kama yatsunsa ya ce, "Ina kwana, Mai Fanka." Sai kuma watanni na motsa hannu, yana hawan bango da yatsu, Inna tana yi masa alama da alli.

Hannun ya juyu, ya tashi har daidai kunne, daga nan bai ƙara ba. Likita ta ce aikin sama da kai ya ƙare masa. Kwana uku Kawu bai buɗe shago ba.

A na huɗu ya ja tebur zuwa bakin ƙofa inda haske ya fi, ya jera kayan aiki. Mai wankin layin ya kawo dutsen gugarsa da ya daina zafi.

"Za ka iya kuwa, Baba, ko in kai gaba?"

"Ajiye nan," in ji Kawu. Ya ɗauki sukurdireba da hannun dama, ya kwance kusar farko.