Geron Iri da Ƙanwar Mijina

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa karo na biyu, ina amarya a gidan su mijina a Damagaram. Na bar kwalej ke nan. A gidan akwai uwar mijina, da muke kira Iya, da ƙanwarsa mai kimanin shekara ashirin. Mutanen unguwa na cewa iska ce ta taɓa ta. Sai da na tsufa na ji a rediyo ana kiran halin irinta otizim, ana cewa a bi mutum yadda Allah ya yi shi.

Ba ta duban idon kowa. In ana daka sai ta toshe kunne. In ka yi mata tambaya, tambayar take maido maka. Duk abin da ta tsinta, tsinke ko ƙwallon dabino, sai ta jera shi a gindin katanga. Kuma tun tana ƙarama ba ta cin komai sai furar gero.

Gero ya ɓace a kasuwa. Kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa kawo jar dawa ta taimako, muna tuƙa tuwo mai warin buhu. Kowa ya ci, ita ta sansana ta ture. Kwana uku ruwa kawai take sha.

"Sarauniya ce," in ji Iya. "Ku bar ta, yunwa za ta koya mata."

Ni da nake kallonta na gane ba taurin kai ba ne. In aka kai mata loma baki, jikinta ne yake karkarwa.

A ɗakin Iya akwai damin gero guda a rataye, irin da mijina zai shuka a gonarsu ta Guna. Ba a taɓa iri, ko yaro ya san haka. Na fara zare zangarniya ɗaya kullum in Iya ta fita alwala. In murje a tafin hannu, in niƙa a dutse don kada a ji turmi, in dama wa ƙanwar mijina. Tana sha tana lumshe ido. Ina istigfari, gobe kuma in sake.

Ban lura tana tsince kawunan geron da na murje ba. Wata safiya mijina ya tarar da su a jere a gindin katanga, tsaf, daga dogo zuwa gajere.

"Wa ya ɗauka?" ya tambaye ta.

"Wa ya ɗauka?" ta ce.

Ya mare ta. Ya ɗaure ƙafarta a turken akuyar da muka sayar, ya ajiye mata tuwon dawa. Ni kuwa da tsintsiya a hannu, na ci gaba da shara.

Rana ta huɗu na durƙusa gaban Iya. "Iya, ni ce na ɗiba, ba ita ba."

Ba ta ɗago daga carbinta ba. "Na sani, 'yar nan. Ita da ko tulu ba ta iya saukewa, za ta kai hannu rufin ɗaki? In ya ji, sakinki zai yi. Wa zai ɗebo mini ruwa? Tashi."

Na tashi. Damin kuwa mijina ya kai shi gidan yayansa.

Na zaga maƙwabta neman ko tafin gero, babu. Na tace kunun dawa har sau uku, na zauna kusa da ƙanwar mijina ban dube ta ba, yadda take so. Ta kurɓa sau ɗaya ta tofar. Daga baya an kwance igiyar, don ta daina tashi.

Ta cika da hantsi, ranar Laraba. Ni da wata tsohuwa muka yi mata wanka. Ni kaɗai na ɗaga ta.

Mata suka zo gaisuwa. Wata ta ce Allah ya hutar da ita. Iya ta ce amin, ya hutar da mu. Aka ce in tashi in dafa wa baƙi dawa, na tashi na hura wuta.