Nonon Tumfafiya

Na daɗe da ajiye aiki, amma ban manta da safiyar da aka kawo mani Sanusi ba. Lokacin ina malamin asibiti a Gazawa, ƙasa ba ta daɗe da samun ƴancin kai ba.

Wasu ɗalibai biyu, Rabi da Isufu, suka zo daga jami'a. Malaminsu na nazarin yadda yaran karkara ke tunani, su kuma da wannan aikin za a ba su makin jarabawa. Kwamanda, wato shugaban gundumarmu, ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce in raka su, tunda ƙauyawa sun san ni wajen yin lamba, allurar rigakafi ke nan. Har motarsa ya ba mu. To ku sani, motar nan ce ke zuwa da jandarma duk shekara a kwashi yara a kai su lakol, wato makarantar boko, iyaye na kuka.

Aikin ba wuya. A ba yaro ƴan katakai masu launi, a nuna masa zane, ya jera irinsa. Yaran ƙauyen da muka je duk suka zama kurame, ashe an yi masu huɗuba tun a gida. Sai Sanusi, ɗan wata bazawara da ba ta da kowa sai shi. Wasan ya ja shi, kafin ka ce me ya jera tsaf. Rabi ta ji daɗi, ta dafa kansa gaban jama'a ta ce, "Kai, wannan kan ai na lakol ne. Gobe za mu dawo." Na hango uwar a bakin darni, ta juya ta shige.

Washegari kafin mu tashi zuwa ƙauyen sai ga amalanke a ƙofar asibiti, uwar Sanusi na biye. Yaron na kwance, idanu sun kumbura suntum, yana ta ihu. Na ce, "Baiwar Allah, me ya same shi?"

Ta ce, "Nonon tumfafiya na ɗiga masa, Malam. An ce ba su ɗaukar mai ciwon ido. So nike su yi ja kawai."

Nan take na sauke shi daga amalanken. Na yi ta wanke idanun da ruwa. Rabi ta durƙusa tana kuka, tana cewa, "Inna, ba ɗaukarsa za mu yi ba, wasa ne kawai." Matar ta dube ta ta ce, "To me ya hana ki faɗa jiya, ɗiyata?"

Idon dama ya warke, na hagu ya tafi. Rabi ta zauna jinyarsa har lokacin kai aikinta ya wuce, ta maimaita shekarar.

Ku da ke shiga ƙauyuka yanzu, kada ku tsaya ga faɗin abin da ya kawo ku. Ku faɗi abin da ba za ku yi ba, da babbar murya, iyaye mata su ji. Sanusi na nan kasuwar Gazawa yana sai da igiya. In na gaishe shi, sai ya juyo da fuskarsa duka kafin ya gan ni.