Gangar Usama Ta Yi Shiru

Ina cikin mikrobas zuwa unguwar Ard al-Liwa direba ya saki sabon kundin ƙungiyar rock ɗin da maƙwabcina Usama ke buga wa ganga. Tsofaffin masoyansu na ta ƙorafi wai kiɗansu ya koma na biki, amma har wata hajiya a gabana tana gyaɗa kai.

Na kira Usama a waya da murna. "Usama, kun shiga mikrobas, halas, shi ke nan kun yi suna."

Ya ce, "Ka ji hannuna a ciki? Na'ura ce. Juma'a suna da wasa, har yanzu ba wanda ya neme ni."

Tunda na dawo nake kasa kunne ta bango, ban ji yana gwaji ba. Jama'a, in ƙwanƙwasa masa, ko in ƙyale shi?