Shekarar da Muka Ci Kofi Bakinmu a Rufe

Wata Laraba ce a watan Rajab, shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare. An tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na gasar makarantun shiyyarmu ta Makka, 'yan makarantar Aziziyya sun zura mana ƙwallo ɗaya, mu ko ɗaya babu. Muka zube a inuwar bangon filin, ƙasa ta yi mana furu-furu har gwiwa, jarkar ruwa tana zagayawa hannu zuwa hannu. Ni kuwa maganar Baba ce kawai take yi mini yawo a ka, don tun farkon shekara ya yanke hukunci: "Wannan ce ta ƙarshe, Sani. Kana gama jarrabawa ka ajiye ƙwallo, shago na jiranka." Makarantarmu ba ta taɓa ɗaukar kofin ba, kuma in ya kuɓuce a ranar, ba ni da wata shekara.

Bakwai daga cikinmu 'ya'yan unguwar Tandabawi ne, jikokin Hausawa mahajjatan da suka zo ta Sudan suka zauna. A lungu muka koyi ƙwallo, a kan gangaren dutse, inda duk wanda ya cika ƙarfi shi zai sauka har titi ya ɗauko ta. Kafin a bar ka ka fita sai ka sayo burodin tamis da wake, ka hau matakala da jarkar ruwa sau uku, ka kai wa Umma farantin gyaɗarta bakin hanya. Lokacin Hajji kuma muna Mina, muna tura keken tsofaffi muna dakon jakunkuna cikin rana. Shi ya sa Ustaz Halid, malamin wasanninmu, yakan ce: "Mina ta gama ba ku horo, ni tsayuwa a fili kawai zan koya muku."

Amma babban makaminmu Hausa ce. A aji kunyarta muke ji, a gida iyaye su yi mana Hausa mu amsa da Larabci, sai a fili take fitowa da ƙarfinta. Isa, kyaftin ɗinmu kuma maƙwabcina, zai ɗaga murya ya ce "Bayanka!" ko "Bar ta ta wuce!", abokan karawa su tsaya suna rarraba ido. Har 'yan wasanmu huɗu da ba Hausawa ba sun haddace kalmomin. Haka muka yi ta lallasa makarantu ɗaya bayan ɗaya, kanmu ya kumbura, muka ɗauka Hausar Makka duka a Tandabawi ta ƙare.

'Yan Aziziyya suna da wani dogon mai tsaron baya, Fahad, wanda tun da aka fara Larabci kawai muka ji a bakinsa. Duk inda muka aika ƙwallo, yana can yana jiranta. Muka ɗauka sa'a ce. Dab da hutu na ce wa Isa zan ɗaga masa ta sama, Fahad ya tare ta da ƙirji hankali kwance, ya zo wucewa ta gefena ya ce ƙasa-ƙasa da Hausa: "Yi a hankali, ɗan'uwa, ina jin ka." Kunya da haushi suka rufe ni.

A inuwar bangon nan na gaya wa Isa. Ya kurɓi ruwa, ya miƙe tsaye. "Halas, shi ke nan. Daga yanzu ba mai magana, ba Hausa ba Larabci. Shekara nawa muna wasa a lungu ɗaya? Wanda bai san inda zan gudu ba yau, bai taɓa sanina ba." Muka koma fili shiru, sai ƙarar takalma da numfashi. Da farko mun yi ta kuskure, harshena yana ƙaiƙayi, na cije leɓe na hana shi. Can na tuna yadda Isa yake shan kwana a lungunmu daidai inda bangon maƙwabta ya lanƙwasa, na tura ƙwallo wurin da babu kowa, sai ga shi ya ɓullo ya farke. Saura kaɗan a tashi aka turo masa wata, ya buɗe ƙafa ya bar ta ta wuce bai ko waiwayo ba, don ya san ina bayansa. Na buga da duk ƙarfin da na tara a Mina, ta shiga.

Da aka tashi Fahad ya zo ya ba ni hannu yana haki. "Kakata 'yar Sakkwato ce. Da ta ji Hausarku da ta yi dariya har ta gaji." Na rungumi kofin, bayan jarrabawa kuma na tafi shago kamar yadda Baba ya ce, ban yi musu ba.

Yanzu ƙaramin ɗana a kan ciyawar roba yake wasa, da riga mai sunansa a baya. Kwanan baya na je kallo, na hango wani yana bin sa zai ƙwace ƙwallo, ban san lokacin da na ɗaga murya na ce "Bayanka!" ba. Bai juya ba, aka ƙwace. A mota ya tambaye ni da Larabci me na ce, na fassara masa, zuciyata ta yi nauyi. Mu mun yi shiru ne don ana jin mu, yau ga shi na yi magana, ɗana bai ji ba.