Haƙorin Makkan Inna a Gaban Na'ura

Rijiyar Lemo, ƙarfe 5:45 na asuba

Muna idar da salla na fito da Inna, yayar mahaifina. Wata huɗu ke nan ciwon kai ya hana ta sakat. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, ita kuwa ta ga babbar na'urar asibiti mai ruri ta ce ba za a cusa ta kabari da ranta ba. Ni dai tsoron abin da za a gano ya cika ni.

Fagge, 6:20

Mai adaidaita ya ratsa da mu tsakanin motocin atamfa da ake saukewa.

"Hajiya, sayayya za a je da sassafe haka?"

"A'a ɗana, kaina zan kai a leƙa."

Muka tsaya ta sha koko da ƙosai uku, tana yi wa mai suyar tsiya wai ta cika barkono.

Sabon Gari, 7:30

A wani ƙaramin asibiti ake gwajin wata sabuwar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likita Ngozi, haifaffiyar unguwar, ta nuna mana ita. Maganaɗisunta mai rauni ne, ba ta ƙara. Wani ɗan gilashi mai tururin sinadari, da haske ke ratsawa, shi ke jin ɗan motsin da ke fitowa daga jikin mutum. Saboda tsananin jinsa, ko allura sai ta ruɗa shi.

Inna ta cire ɗankunne da makullin da ke haɓar zaninta. Sau biyu hoto na fitowa a dagule.

Likita ta ce, "Mama, ɗan yi min murmushi."

Sai ga haƙorin Makka yana ƙyalli.

"Zinare ne zalla, marigayi Alhaji ya sa min."

"Mama, zinare ba ya yin haka. Akwai ƙarfe a ciki."

Inna ta zare shi da yatsa, aka sake ɗauka. Ƙarfe tara da kwata likita ta ce ba ƙari a ƙwaƙwalwa, ba komai, a je a duba idonta kawai. Na yi hamdala.

Gida, 10:10

A tsakar gida ta juya haƙorin a tafin hannu tana dariya. "Shekara talatin Alhaji ya yi min wayo." Ta share ido da gefen mayafi, ta mayar da shi bakinta. "Ko gwangwani ne, shi ya sa min."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa likita.